Kwana Nawa Ake Yi a Daji?

Ranar 21 ga Afrilu, 1909, jirgin ruwa ya sauke Theodore Roosevelt a Mombasa, mako bakwai kacal bayan ya sauka daga kujerar shugabancin Amurka. Farauta ce ta kawo shi, shi da ɗansa Kermit da masana dabbobi uku. Tafiyar ba ta ƙare ba sai ranar 14 ga Maris, 1910, a Hartum, wato wata goma sha ɗaya ba 'yan kwanaki. Yau Ba'amurken da zai zo farautar ɓauna a Tanzaniya ko Zimbabwe kwana bakwai ko goma yake saya. Mai neman zaki ko giwa a Tanzaniya ya sayi ashirin da ɗaya. A wasu gonakin Afirka ta Kudu kuwa, mutum na iya sauka ranar Alhamis ya hau jirgin komawa ranar Litinin, fatar zakinsa tana hannun majemi.

Masu wannan harka suna yawan tambayar juna kwana nawa ya kamata farautar manyan namun daji ta ɗauka, kamar dai akwai wata lamba da gwani zai faɗa a huta. Wanda ya bi tarihin abin zai ga ba dabba ce ta taɓa yanke yawan kwanakin ba. Da farko cikin ɗan dako ne ya yanke, sa'an nan jirgin ƙasa, sa'an nan mota da jirgin sama, daga baya kuma ofishin lasisi da hutun da ma'aikaci yake samu a shekara. Duk sa'ad da aka rage kwanakin kuma, akwai wanda ya biya cikon, ba kuwa maharbin ba ne.

Kalmar da duniya take kiran wannan tafiya da ita, safari, ta Sawahili ce. Su ma daga Larabci suka aro ta, tushenta ɗaya da “safara” tamu. Asalinta ba ruwanta da zaki. Tafiyar ayari ce, irin ta fataken da suke tashi daga Bagamoyo a bakin teku, su bi ta Tabora har Ujiji a gaɓar tafkin Tanganyika, su dawo da hauren giwa a kan 'yan dakon Nyamwezi. Wanda ya san labarin fataken goro na Gwanja ba ya bukatar dogon bayani: akwai madugu, akwai jagaba, akwai zango, akwai kuɗin fito da ake ba sarakunan hanya, kuma da watanni ake lissafin tafiya. Turawan da suka fara farauta a Gabashin Afirka wannan tsarin suka tarar, shi suka hau.

Abin da ya sa komai yake kan mutum shi ne tsando. Wannan ƙuda mai kawo sammore yana kashe doki da jaki da sa a yawancin dajin da ke tsakanin bakin teku da tuddan ciki, abin da dabba ba za ta ɗauka ba kuwa sai kan ɗan'adam. Ƙa'idar kayan ɗan dako a ƙarƙashin mulkin Ingilishi laba sittin ce, wajen kilo 27. Abincinsa na yini, wanda suke kira posho, garin masara ne laba ɗaya da rabi zuwa biyu. Mai karatu ya yi lissafin da kansa. Mutumin da bai ɗauki komai ba sai abincinsa, cikin kwana talatin zuwa arba'in ya cinye kayan da ke kansa. Idan shi kaɗai yake ci ke nan. Idan kuwa buhun nan shi zai ciyar da wasu mutum uku masu ɗauke da tanti da harsashi da gishiri, a kwana goma an kakkaɓe shi. Ayarin kuma ba ya wuce mil goma sha biyu zuwa sha biyar a yini. Doguwar tafiya na bukatar abinci mai yawa, abinci na bukatar masu ɗauka, masu ɗauka su ma baki gare su.

Mafita biyu ce. Ko a sayi hatsi a ƙauyukan hanya da duwatsun ado da waya da alawayyo, ko a harbi nama. Shi ya sa da yawa daga dabbobin da suka faɗi a tsofaffin tafiye-tafiye ba don ƙaho aka harbe su ba, don tukunya ne. Samuel Teleki, wani basarake ɗan ƙasar Hangari, ya tashi daga Pangani a farkon 1887 da ɗaruruwan 'yan dako, ya isa tafkin da yau ake kira Turkana a watan Maris na 1888, bai dawo bakin teku ba sai Oktoban wannan shekara. Yunwa ta sha kama ayarinsa, giwaye da karkanda da ɓaunan da ya harba su ne suka riƙe mutanensa. Mutum ɗari uku idan suka yi zango a wuri, ko ba mai son farauta a cikinsu, dajin wurin sai ya ji a jikinsa.

A kudancin nahiyar amalanken shanu aka yi amfani da shi, amma saurin bai fi na ƙafa ba. Roualeyn Gordon-Cumming, ɗan Sikotilan, shekara biyar ya yi yana shiga yana fita, daga 1843 zuwa 1848. Walter Bell, wanda aka yi wa laƙabi da Karamojo, ya kashe giwa 1,011 a rayuwarsa, kuma tafiya ɗaya tak a arewa maso gabashin Yuganda takan ɗauke shi fiye da shekara. Irin waɗannan mutane 'yan kasuwa ne kafin komai, ba mai tambayarsu ranar dawowa. Maharban giwa Hausawa da suka bi hauren Adamawa a ƙarshen ƙarni na 19, masu harba sango mai dafi daga bakin bindiga, da lissafi iri ɗaya suke fita: ba a juyawa sai kaya ya yi.

Jirgin ƙasa ne ya fara sa wa abin wa'adi. An soma shimfiɗa layin dogo daga Mombasa a 1896, ya isa Nairobi a 1899, ya taɓa tafkin Biktoriya a Kisumu cikin Disambar 1901. Tafiyar mil ɗari uku da 'yan kai zuwa Nairobi, wadda take cin wajen wata guda a ƙafa, ta koma ta yini da dare, kuma tun daga tagar jirgi fasinja yake ganin jakunan dawa da raƙuman dawa. Nan aka sami wani sabon maharbi, attajiri ko basarake ko hafsan soja da ya zo hutu, mai aikin da yake jiransa a gida. Daga Turai zuwa Mombasa ta mashigin Suwez wajen mako uku ne a teku. Wanda ya ba da mako uku zuwa, zai kuma ba da uku komawa, ba zai yi kwana goma ya juya ba. Haka wata uku a daji ya zama abin da aka saba. Kamfanoni irin su Newland da Tarlton a Nairobi suka buɗe don su haɗa wa baƙo komai, tun daga kuku da mai riƙon bindiga har 'yan dako kimanin talatin ga kowane Bature guda.

Lasisin wancan zamani bai damu da kwana ba. Bayan yarjejeniyar kare namun daji da ƙasashen mulkin mallaka suka sa wa hannu a Landan cikin Mayun 1900, baƙon maharbi a yankin da ya zama Kenya yakan biya fam hamsin, Bature mazauni ya biya fam goma. Takardar ta shekara guda ce, kawuna take ƙirgawa: giwa biyu, karkanda biyu, dorina biyu, da sauransu. Zaki ba ya cikin lissafi, don an ɗauke shi maɓarnaci, kowa ya harba iya son ransa. Mutanen ƙasar kuwa, waɗanda suka gaji farauta kaka da kakanni, ba a yi takardar dominsu ba, kuma a hankali aka haramta musu rami da tarko da kibiya mai dafi. Waata, maharban giwa na dajin Tsavo masu manyan bakuna, an murƙushe sana'arsu a wani farmaki da ma'aikatan gandun daji suka kai a 1956 da 1957. Abin da zai ba mutum dariya, ko haushi, shi ne da yawa daga cikinsu daga baya su ne suka zama masu bin sawu na Turawan farauta, domin ba wanda ya kai su sanin giwa. Aikin bai canja ba, mai riƙe da takarda ne ya canja.

Tafiyar Roosevelt ita ce ƙololuwar wannan zamani, ita ce kuma tallarsa. Gidan adana kayan tarihi na Smithsonian ne ya ɗauki nauyinta da gudummawar attajirai irin su Andrew Carnegie, aka kuma ba shi izini na musamman ya zarce adadin lasisi da sunan kimiyya. 'Yan dako ɗaruruwa suka bi shi. A cikin kayansu akwai gishiri tan huɗu don gyaran fatu, wanda shi kaɗai kayan mutum wajen ɗari da hamsin ne. Daga filayen Kapiti suka bi ta Naibasha da gindin dutsen Kenya, suka haye tafkin Biktoriya zuwa Yuganda, suka gangara kogin Nilu. An aika da samfurin halittu fiye da 11,000 zuwa Amurka, yawancinsu tsuntsaye da ƙananan dabbobi. Manyan namun da uba da ɗa suka harba da hannunsu 512 ne, a ciki har da zaki 17, giwa 11 da karkanda 20. Tara daga cikin karkandan nan farare ne na arewa, waɗanda suka harba a yankin Lado, yamma da Nilu. Yau biyu kawai suka rage a duniya daga wannan iri, uwa da 'yarta, suna Ol Pejeta a Kenya ana gadinsu da bindiga. Ba Roosevelt ne ya ƙarar da su ba, yaƙe-yaƙen Kwango da Sudan da kasuwar ƙaho ne suka yi wannan aiki shekaru da yawa bayansa. Amma duk mai begen zamanin doguwar farauta, yana cewa a da ne ake yin ta da mutunci, ya dubi lissafin nan tukuna.

Duk da haka dogon zama yana da wani abu guda da gajere ba shi da shi, wato damar zaɓe. Tun 1892 wani mai gyaran fatun dabbobi a Landan, Rowland Ward, ya fara buga littafin awon ƙahoni, kuma sannu a hankali alfaharin maharbi ya tashi daga yawan abin da ya kashe ya koma ga tsawon ƙaho da nauyin haure. Mai wata uku a gabansa yana iya kallon bijimi arba'in ya wuce su, ya jira tsoho ɗaya. Ba tausayi ne ya kawo wannan ɗabi'a ba, gasa ce. Amma tsohon namijin da ya gama haihuwa shi ne wanda garke ya fi iya rashi, saboda haka a nan son kai da amfanin daji suka yi dace.

Mota ta zo bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ta rushe lissafin posho gaba ɗaya. Babbar mota mai ɗaukar tan guda ta maye gurbin 'yan dako talatin da bakwai, ba ta cin masara, kuma tafiyar mako guda take yi a yini. Farauta ta sauko zuwa wata biyu, har ma wata guda. Wurin da aka fara ganin kuɗin wannan sauƙi shi ne Serengeti, fili shimfiɗaɗɗe wanda ƙaramar Ford take ratsawa ba tare da hanya ba. A tsakiyar shekarun 1920 marubucin Amurka Stewart Edward White da abokansa sun yi zango na wata uku a Seronera, suka kashe zaki wajen hamsin. Wasu ma ba sa wahalar da kansu, sai su ɗaura mushen jakin dawa a bayan mota su ja, zakuna su biyo, a harbe su daga kan kujera. Denys Finch Hatton, wanda ya jagoranci Yariman Ingila a farautarsa ta 1928 da ta 1930, ya yi ta rubuta wasiƙu a jaridar Times ta Landan yana la'antar wannan yanka. A 1929 aka mai da tsakiyar Serengeti gandun da aka kare. A 1934 ƙwararrun maharba suka kafa ƙungiyarsu a Nairobi, hana harbi daga mota kuma yana cikin manyan ƙa'idojinta. Ma'anar ƙa'idar, in an duba, ita ce a mayar wa farauta kaɗan daga lokacin da injin ya ɗauke mata: sauka, ka taka, ka yi sanɗa, wataƙila iska ta juya dabbar ta ji warinka ta tafi.

Wanda ya fi kowa bayyana yadda wa'adi yake cin ran maharbi shi ne Ernest Hemingway. Ya iso a Disambar 1933 da dala 25,000 da baffan matarsa ya ba su, jagoransa kuwa Philip Percival ne, wanda yana saurayi ya yi aiki a tafiyar Roosevelt. Mutum ɗaya ke nan ya ga zamani biyu. Farautar ba ta wuce mako goma ba, a ciki ma atuni ya kwantar da Hemingway har sai da aka ɗauke shi a jirgin sama zuwa Nairobi. Littafin da ya fitar a 1935, Green Hills of Africa, kusan dukkansa labarin ƙurewar lokaci ne. Yana neman kudu, wata babbar dabba dangin gwanki mai murɗaɗɗen ƙaho, ga damina tana matsowa, kuma da ruwa ya sauka baƙar lakar Tanganyika ba ta barin mota ta motsa. Abokin tafiyarsa kullum yana samun wadda ta fi tasa. Shi kansa ya yi ƙorafin cewa ba haka ya kamata a yi farauta ba, ana ƙirga kwanaki. Ya sami kudunsa biyu a ƙarshe, na abokin ya sake fin nasa. A ranakun ƙarshen nan, cikin gaggawa, ya harbi macen wani baƙin gwanki yana zaton namiji ne, ya kuma raunata namijin, suka yini suna bin jini bai same shi ba. Ya rubuta wannan da hannunsa bai ɓoye ba, abin a yaba masa ne. Amma dabbar da ta shiga daji da harsashi a ciki ita ce ta biya kuɗin ƙurewar kalandarsa.

Jirgin sama ya ƙarasa abin da mota ta fara. Jiragen fasinja daga Landan sun fara isa tafkin Biktoriya a 1931, sabon filin jirgin Nairobi na Embakasi ya buɗe a 1958, tafiyar mako uku ta koma ta dare ɗaya. Robert Ruark, ɗan jaridar Amurka, ya yi wajen wata biyu a 1951 tare da wani matashin maharbi, Harry Selby, na kamfanin Ker da Downey, littafinsa na 1953 kuma ya jawo likitoci da 'yan kwangila da masu rijiyoyin mai na Amurka. Waɗannan suna da kuɗi, ba su da watanni. Kwana talatin ya zama cikakkiyar farauta, daga baya ashirin da ɗaya. A ganina ba wani sirrin daji a cikin wannan lamba. Mako uku ne, iyakar abin da mai asibiti ko mai kamfani zai iya barin aikinsa.

Kenya ta hana farautar giwa a 1973, ta hana farauta ɗungurungum a 1977, ƙungiyar maharban nan ta watse a wannan shekara. Tanzaniya ta rufe a 1973 ta sake buɗewa a 1978, kuma a can ne kwana ya zama abin da doka take sayarwa. Lasisinta kashi-kashi ne bisa yawan kwanaki. Gajere, na kwana bakwai ko goma, yana ba da ɓauna da wasu ƙananan dabbobi. Giwa da zaki da damisa sai mai lasisin kwana 21. Baƙo yana biyan kamfani kuɗin kowace rana, ban da kuɗin kan kowace dabba da ya harba ko ya raunata, kuma ko ya gama a rana ta biyar ya tafi, na ashirin da ɗaya zai biya. Dalilin a fili yake. Gandun da kamfani ya yi haya yana iya kai murabba'in kilomita dubu ko fiye, amma zakunan da aka yarje masa a shekara ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Da su zai biya haya da albashi da gyaran hanya da masu sintiri. Sai ya ɗaure kowane zaki da kwanaki masu yawa. Kwana 21 farashi ne da aka rubuta da harshen kalanda.

To, ita dabbar fa, nawa take nema? Nan ne kawai ake da ɗan abin kamawa. Ɓauna tana shan ruwa kullum, tana tafiya a garke, sawunta ba ya ɓuya. Mai bin sawu nagari yakan kai mutum gare ta sau da yawa cikin mako guda, abin da ya rage shi ne a sami tsohon bijimin da ya ware. Damisa ba a bin ta, jiran ta ake yi. Sai an harbi nama an rataye a bishiyoyi da dama, a jira ya fara wari, a jira ta gano shi, a duba sawu a tabbatar namiji ne, a gina ɓuya, a zauna shiru magariba bayan magariba. Mako biyu ake ba wannan, kuma sau da yawa ba ya isa. Giwa da ƙafa ake farautarta. Tsofaffin maharba suna da zancen cewa kowace laba ta haure mil guda ce ta tafiya, kuma mafi yawan sawun da aka bi tun asuba yakan ƙare ne a kan giwar da haurenta bai kai ba, a juyo. Kusa da mu, a gandayen farauta da ke kewaye da dazukan Binuwai da Faro da Buba Njida a arewacin Kamaru, baƙi suna sauka a Garwa da rani don neman wata ƙatuwar dabba mai kama da sa, wadda Turawa suke kira ilan ɗin Derby. Ita ma wajen mako biyu ake ba ta, domin tana kiwo tana tafiya, ana iya bin ta daga safe har la'asar cikin zafi ba a ga ko wutsiyarta ba.

Zaki ne ya fi nuna inda matsalar take. Idan aka kashe namijin da yake riƙe da garke, wasu mazan sukan zo su karɓe, abu na farko da suke yi kuwa shi ne kashe 'ya'yan da suka tarar. Harsashi ɗaya yana iya zama mutuwar zaki goma. A 2004 Karyl Whitman da Craig Packer da abokan aikinsu suka wallafa bincike a mujallar Nature, wanda ya nuna cewa idan aka taƙaita harbi ga mazan da suka kai shekara shida, yawan zakuna ba ya raguwa, suka kuma nuna cewa hancin zaki yana ƙara baƙi da shekaru. Gandun Niassa na Mozambik ya fara aiki da ƙa'idar shekaru a 2006, Tanzaniya ta sa shekara shida a dokarta a 2010. Amma ba a karanta shekarun zaki da kallo ɗaya. Sai an duba hanci da geza da tabon fuska da launin haƙora, sai an san ko shi kaɗai yake yawo ko yana da mata da 'ya'ya a bayan dutse. Wannan aikin kwanaki ne. Kuma duk wanda ya san halin ɗan'adam ya san cewa a rana ta goma sha tara cikin ashirin da ɗaya, gaban mutumin da ya zuba dubban daloli bai harba komai ba, zaki ɗan shekara huɗu yakan fara kama da ɗan shida, a idon baƙon da kuma idon jagoran da yake jiran tukuici.

Saboda haka in aka matsa mini in ba da amsa, ba lamba zan bayar ba. Farauta ta kai tsawon da ya kamata idan maharbi zai iya ganin dabbar da ya zo nema, ya dube ta da kyau, ya sauke bindiga ba tare da jin ya yi asara ba. Ga ɓauna kwana goma na iya isa. Ga zaki da giwa mako uku shi ne mafi ƙaranci, kuma ko shi ba ya aiki sai baƙon ya yarda tun daga gida cewa yana iya komawa hannu rabbana. Masu adawa da farautar ƙaho baki ɗaya za su ce tambayar ma ba ta taso ba, kuma Kenya ta tsaya a kan wannan ra'ayi kusan shekara hamsin. Amma a Tanzaniya da Zambiya da Zimbabwe da Namibiya da Mozambik da Kamaru ana yin ta, kuma a can yawan kwanaki yana cikin abubuwan da suke yanke wace dabba za ta mutu.

Kasuwa dai ba ta son “wataƙila”. Baƙo mai kwana biyar tabbas yake so, tabbas kuwa sai da shinge. A 1991 Afirka ta Kudu ta yi dokar da ta ba mai gona mallakar namun dajin da ke cikin shingensa, dubban gonakin shanu suka koma gonakin namun daji. A babbar gona mai faɗin dubban kadada, farautar mako guda ta barewa da dangin gwanki ba ta da wani aibu na musamman, kuma ita ce ta ƙara yawan wasu dabbobin da suka kusa ɓacewa a ƙasar. Sai dai dabarar ba ta tsaya a kan masu cin ciyawa ba. Aka fara kiwon zaki a keji, ana raba 'ya'ya da uwa tun suna ƙanana, 'yan yawon buɗe ido su biya su shafa su, idan sun girma a sayar wa maharbi. Wani shirin talabijin na Ingila ya tona abin a 1997. A 2007 gwamnati ta fitar da ƙa'ida cewa zakin keji sai ya yi wata 24 a sake, yana ciyar da kansa, kafin a harbe shi. Ƙungiyar masu kiwon ta kai ƙara, ta ce ba mai iya riƙe zaki shekara biyu a fili ya ci riba, kuma a 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta soke ƙa'idar. A 2021 ministar muhalli Barbara Creecy ta ba da sanarwar cewa gwamnati za ta kawo ƙarshen sana'ar, a lokacin da zakunan keji a ƙasar suke kusan dubu takwas, fiye da ninki biyu na waɗanda ke daji. A lardin Arewa maso Yamma, inda aka fi yin wannan farauta, wa'adin da dokar lardi ta sa tsakanin buɗe wa zaki keji da harbe shi awa 96 ne.